Rumbun Fina-Finai a Gida: Yadda Za Ka Mai da Tsohuwar Laftof Ta Zama Saba

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata matsala da kusan kowane gida ke fama da ita. A gida guda sai ka tarar da waya biyar ko shida, kowace ta cika maƙil, kuma idan ka duba abin da ya cika su ɗaya ne: shiri mai dogon zango iri ɗaya, bidiyon biki iri ɗaya, karatun malami iri ɗaya. Wannan ya sauke da datarsa, wancan ya je wajen masu turi ya biya, ƙanwa kuma tana jiran a tura mata ta Xender. Idan wuri ya ƙare sai a fara gogewa, kuma sau da yawa abin da ake gogewa shi ne wanda ba za a sake samu ba, kamar bidiyon ɗaurin auren yaya ko hoton kaka da ta rasu.

Akwai hanyar da za a ajiye komai a wuri ɗaya, kowa ya kalla daga wayarsa ba tare da ya kwafa ba, ba tare da ya ƙona data ba. Hanyar ba ta buƙatar intanet, kuma kayan aikinta mafi yawa suna nan a ɗakunanmu. Za mu bi ta daki-daki, da misalai daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, domin yanayin wuta da zafi da sabis na can shi ne yanayin da yawancinmu ke komawa idan an yi hutu.

Mene ne saba?

Saba kwamfuta ce da aikinta shi ne ta ajiye abu ta riƙa miƙa wa wasu na'urori idan sun nema. A wasu rubuce-rubucen Hausa za ku ga an kira ta uwar garke. A wannan darasi za mu riƙa ce mata rumbu, domin aikinsu ɗaya da rumbun gero: wuri guda ake zubawa, duk gidan na ci daga ciki. Wayoyi da talabijin da ke neman fim daga wajenta su ne masu ɗiba.

Idan ka kalli bidiyo a YouTube, abin da ke faruwa shi ne wata saba a nesa tana aiko maka da shi guntu-guntu, wayarka na nunawa tana zubarwa. Shi ya sa fim ɗin ba ya zama a wayar, amma data na tafiya, domin ta layin kamfanin waya yake biyowa. Rumbun gida ma haka yake aiki, sai dai guntayen ba sa fita daga gida. Daga laftof suke tashi, su bi ta rauta, su shiga wayarka.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don haka a kula: wayfai daban, intanet daban. Wayfai igiya ce marar ganuwa da ke haɗa na'urorin da ke kusa da juna. Intanet kuwa ita ce hanyar da ke fita waje, wadda ake biya wa kuɗi. Rauta ko da babu layi a cikinta, ko layin babu ko sisin data, za ta haɗa laftof da wayoyin gida su yi magana da juna. Wannan shi ne tushen darasin gaba ɗaya.

Me ya sa ya dace da yankinmu?

Na farko, kuɗin data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Mu yi ɗan lissafi na misali: shiri mai kashi 30, kowane kashi megabait 300, ya kama gigabait 9. Idan mutum biyar a gida kowa ya kalla da datarsa, gigabait 45 ke nan. Idan sau ɗaya abin ya shigo gidan, 9 ɗin ce kawai.

Na biyu, sabis. A cikin garin Gumel ko Maigatari da sauƙi, amma wanda ya je hutu Ɗanzomo, ko Jeke, ko Galadi, ko Medu ya san yadda bidiyo ke tsayawa yana juyi. A ƙauyukan bakin iyaka ma waya kan kama sabis ɗin Nijar. Rumbun gida ba ruwansa da wannan, ko babu sanda ɗaya a waya zai yi aiki.

Na uku, adana tarihi. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset. Daga kaset aka koma faifan sidi, daga nan aka koma memori da waya. Kowane sauyi ya tafi da abubuwa da yawa, kuma ba fina-finan kasuwa kaɗai ba. Akwai gidajen da har yanzu suke da sidin bikin aure, ko saukar Alƙur'ani, ko hawan sallar Gumel na shekarun baya, a cikin akwati, suna karcewa, ga shi na'urar kunna su ta yi wuya. Wanda ya kwashe su zuwa rumbu ya yi wa zuri'arsu aiki.

Kayan da za ka tanada

1. Kwamfuta. Tsohuwar laftof ta fi dacewa, ko da allonta ya tsage ko madannanta sun lalace, matuƙar tana tashi. Dalili shi ne tana da batir a jikinta, idan aka ɗauke wuta ba za ta mutu nan take ba. Mai Core i3 ko i5 da gigabait 4 na ram ta isa. Akwai kuma 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019, wadda wutar da take ci ba ta kai wat 10 ba, amma ƙarfinta kaɗan ne wajen juya fim, abin da za mu yi bayani a gaba.

2. Wurin ajiya. Faifan cikin laftof ɗin, ko had-disk na waje da ake jonawa ta USB. Kada ka dogara da filash ko memori na araha. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 ko 128 alhali ainihin wurin bai kai haka ba, sai ka zuba kaya su ƙi buɗewa.

3. Rauta. Kowace iri ce, har ƙaramar nan ta aljihu da kamfanonin waya ke sayarwa. Idan rautar na da ramin waya a baya, haɗa laftof da ita da igiyar netwok, ya fi wayfai ƙarfi da natsuwa. In babu rauta sam, hotsifot na waya ɗaya zai iya tsayawa a madadinta na ɗan lokaci.

4. Wuta. Za mu yi lissafinta a ƙasa.

Wace manhaja?

Manhajojin da suka yi suna a wannan aiki uku ne: Plex, Emby da Jellyfin. Plex tana da kyan fuska, amma tana son ka buɗe asusu a wajen kamfanin, wato tana neman intanet, kuma tun daga ƙarshen Afrilun 2025 kallon fina-finanka daga wajen gida ya koma na kuɗi. Emby ma wasu ɓangarorinta sai an biya. Jellyfin kuwa ta samo asali ne daga Emby a Disambar 2018, lokacin da masu Emby suka rufe lambobin manhajarsu, sai wasu masu sa-kai suka ɗauki buɗaɗɗen da ya rage suka ci gaba da shi. Kyauta ce gaba ɗaya, kuma sunanka da kalmar sirrinka a cikin laftof ɗinka suke, ba a wata ƙasa ba. Ga wanda ke Gagarawa ko Sule Tankarkar, wannan shi ne abin dubawa: Jellyfin na aiki ko da an yi wata guda ba a sa data ba. Da ita za mu yi darasin.

Wanda kwamfutarsa ta tsufa ƙwarai yana da hanya mafi sauƙi: ya buɗe jakar fina-finan ga sauran na'urori ta tsarin rabawa na Windows, sannan a waya a buɗe VLC a shiga ɓangaren netwok na gida. Zai yi aiki, sai dai babu hotuna, babu ware wa yara nasu.

Matakan haɗawa

Mataki na ɗaya: tsara jakunkuna. Kafin ka taɓa manhaja, ka buɗe jakunkuna daban-daban: Fina-finai, Masu Dogon Zango, Karatu, Wa'azi, Bidiyon Gida. Kada ka zuba komai wuri ɗaya, domin a kan waɗannan jakunkuna za ka raba izini daga baya.

Mataki na biyu: gyara sunaye. Manhajar da suna take gane fim. Ƙa'idar ita ce sunan fim sannan shekararsa a cikin baka, kamar Mansoor (2017). Shiri mai dogon zango kuma a buɗe masa jaka da sunansa, a ciki a yi jakar kowane zango, sannan kowane kashi a sa masa lamba irin S01E01, wato zango na 1 kashi na 1, S01E02 kashi na 2, haka har ƙarshe. A riƙa sa sifili a gaban lambobin da ba su kai 10 ba, don jerin ya tafi daidai. Wannan shi ne aiki mafi gajiyarwa, musamman ga fayilolin da suka zo da sunaye irin VID da dogayen lambobi, amma sau ɗaya ake yin sa.

Mataki na uku: sauke Jellyfin daga shafinsu na jellyfin.org, ɓangaren saba, ka ɗauki na Windows ko na Linux gwargwadon abin da ke kan laftof ɗinka. A nan ne kawai ake buƙatar data. Lokacin sakawa, Windows zai tambaye ka ko ka yarda manhajar ta yi magana da sauran na'urori. Ka amince mata a netwok na gida, kuma ka tabbatar an saita wayfai ɗin gidan a matsayin na gida, ba na jama'a ba. In ba haka ba wayoyi ba za su ga rumbun ba.

Mataki na huɗu: buɗe burauza a laftof ɗin ka rubuta localhost:8096. Lambar 8096 ita ce ƙofar da Jellyfin ke saurare ta ciki. Za ta sa ka zaɓi suna da kalmar sirri na mai kula, sannan ka nuna mata jakunkunan nan ɗaya bayan ɗaya, kana faɗa mata wannan fina-finai ne, wannan shiri ne, wannan bidiyon gida ne.

Mataki na biyar: gano adireshin rumbun. Kowace na'ura a kan rauta tana da lamba, yawanci mai farawa da 192.168. A Windows ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig, ka duba layin IPv4. A ce ka ga 192.168.0.105.

Mataki na shida: ɗauki waya, haɗa ta da wayfai ɗin rautar, buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.105:8096. Idan shafin shiga ya fito, to aiki ya yi. Daga nan za a iya sa manhajar Jellyfin ta Android ko iPhone, ko ta talabijin mai Android, a ba ta wannan adireshi.

Mataki na bakwai: tsayar da adireshin. Rauta kan sauya wa na'urori lamba idan an kashe an kunna, sai gobe kowa ya ce rumbu ya ɓace. Ka shiga saitin rautar, ɓangaren DHCP, ka keɓe wa laftof ɗin lamba ɗaya ta dindindin.

Mataki na takwas: hana laftof barci. A saitin wuta na Windows ka ce kada ta yi barci idan tana jone, kuma kada ta yi komai idan an rufe murfinta.

Abu ɗaya game da hotuna: Jellyfin na ɗauko hoton fim da taƙaitaccen labarinsa daga rumbunan bayanai irin TMDB idan akwai intanet. Fina-finan Indiya da na Amurka za ta same su nan da nan, amma na Kannywood da yawa babu su a can, wani lokaci ma sai ta manna wa fim ɗin Hausa hoton wani fim ɗin Turawa. Maganinsa shi ne ka gyara da hannu, ko ka ajiye hoto mai suna poster.jpg a cikin jakar fim ɗin.

Lissafi uku da ya kamata ka iya

Lissafin wuri. Faifan da aka rubuta wa terabait 1, kwamfuta za ta nuna maka gigabait 931 ne. Ba cuta ba ce: masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1024. Fim mai awa biyu a ingancin 720 yakan kama wajen gigabait 1, don haka faifan zai ɗauki kusan 900. A ingancin 1080, idan kowane ya kai gigabait 3, wajen 300 ke nan. A allon waya bambancin 720 da 1080 ba ya fitowa sosai, don haka kada ka ɓata wuri.

Lissafin gudu. Bait ɗaya bit 8 ne. Gigabait 1 ya zama megabit 8,000. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce. Raba 8,000 da 7,200, ka sami kusan megabit 1.1 a daƙiƙa. Abin da mutum ɗaya ke ja ke nan. Fim mai gigabait 3 kuwa 3.3 ne. Ƙaramar rauta a zangon 2.4, idan ta ba ka megabit 20 a daƙiƙa a aikace, mutum biyar masu kallon 720 ba su kai 6 ba, hankali kwance. Amma biyar masu kallon 1080 sun kai 16.5, an kusa bango, kuma idan laftof ɗin ma ta wayfai take haɗe, kowane guntu sau biyu yake bin iska. Dalilin da ya sa muka ce a yi amfani da igiya ke nan. A tuna kuma katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe na rage ƙarfin wayfai, don haka a ɗora rautar a sama, a tsakiyar gida.

Lissafin wuta. Mun san halin wutar KEDCO, don haka mu yi lissafi da sola. A ce laftof da rauta tare suna cin wat 30. Kallon awa 5 da dare ya zama 150 na wat-awa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe 1,200, amma irin na ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, don haka 600 ne naka. A takarda dare huɗu ke nan, idan aka cire abin da infata ke sha a ce dare uku. Faifan sola mai wat 100 zai mayar da abin da aka ci a dare ɗaya cikin yini guda ba tare da wahala ba. Ba dole ba ne rumbu ya kwana a kunne. A sa masa lokaci, misali daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya.

Idan abu ya ƙi

Waya ta ce ba ta ga rumbu ba: da farko ka kashe datar wayar. Wayoyi da yawa idan suka ga wayfai babu intanet sai su koma kan layi a ɓoye. Idan ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan wayfai ɗin, ka ce e. In bai yi ba, duba ko adireshin ya sauya, sannan duba katangar tsaron Windows. Wasu rautoci kuma suna da saitin da ke hana na'urori ganin juna, kuma irin wannan saitin ne ake yawan kunnawa a wayfai na makarantu da otal. A kan wayfai ɗin makaranta kada ka yi ƙoƙarin kutsawa, ka nemi izinin masu kula ko ka yi amfani da rautarka.

Fim na tsayawa, laftof na huci: wannan alamar juyi ce. Idan waya ba ta iya karanta irin fayil ɗin ba, sai rumbu ya riƙa sauya shi nan take yana aikawa, kuma wannan aiki ne mai nauyi. Yakan faru da fayilolin H.265 a tsofaffin wayoyi da wasu burauzoji. Magani biyu ne. Ko dai ka juya fayil ɗin tun da wuri da manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce, zuwa MP4 mai bidiyon H.264 da sautin AAC, wanda kusan kowace waya ke karantawa. Ko kuma ka kunna Quick Sync a saitin Jellyfin, wani sashe ne da Intel ke sa wa yawancin na'urorinta tun 2011 don wannan aiki, amma tsofaffin ba su iya H.265 ba. Ga tsohuwar laftof, hanyar farko ta fi.

Zafi, ƙura da kwafi na biyu

A watannin Afrilu da Mayu zafi a yankin Gumel na haura digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Kada a ajiye laftof a kan katifa ko darduma, ko a cikin durowa. A ɗora ta a kan abu mai tauri, a ɗaga bayanta iska ta shiga. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a riƙa hure ramukan iskar. Idan batirin laftof ya kumbura, a cire shi nan take, haɗari ne. Had-disk mai juyawa ba ya son a motsa shi yana aiki, kuma ba ya son a fizge shi ba tare da an sallame shi daga kwamfuta ba.

Duk da haka, kowane faifai ranarsa na zuwa. Masana na da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ba komai ne ya cancanci wannan ba. Fim ɗin kasuwa idan ya ɓata ana sake samu. Amma jakar Bidiyon Gida, da aikin furojet ɗinka, su ne za ka yi wa haka: ɗaya a rumbu, ɗaya a wani faifan, ɗaya kuma a gidan wani ɗan'uwa, ko da gobara ko ruwa ko ɓarawo.

Haƙƙin masu fim da amanar gida

Wannan ɓangaren kada a tsallake shi. Jellyfin halastacciyar manhaja ce, amma ba ta halasta abin da ka zuba a ciki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare fim na tsawon shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da ita. Ko Turmin Danya na 1990 bai fita daga kariya ba tukuna. Satar fasaha na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar sidi a Kano, har masu shirya fina-finai suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24. Shiri irin Labarina da ake sakawa a YouTube, daga yawan masu kallo a can ne ake samun kuɗin da za a biya 'yan wasa da masu ɗaukar hoto. Duk kwafin da ya zagaya ta bayan fage, wani ne bai sami haƙƙinsa ba.

Don haka a cika rumbu da abin da yake naka: bidiyon da kuka ɗauka, abin da masu shi suka ba da izinin rabawa, karatun malamai da aka saki don a yaɗa, da darussan da aka sa wa buɗaɗɗen lasisi. Ajiye abin da ka saya don kallon iyalinka abu ne daban da buɗe wa unguwa kana karɓar kuɗi. Na biyun kasuwanci ne da dukiyar wani, sai da yardarsa.

Sai amana. Bidiyon kamu da na zaman mata a biki ba na kowa ba ne. Jellyfin na ba ka dama ka buɗe wa kowa asusunsa, ka zaɓi jakunkunan da zai gani. Yara a ba su Karatu da abin da ya dace da su kawai. Baƙo kada ya ga Bidiyon Gida. A cire wa kowa izinin gogewa, a cire izinin saukewa a inda ba a son abu ya fita. Asusun mai kula kuma kada a ba kowa, kuma kada kalmar sirrinsa ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka. Kafin ka sa bidiyon da wasu ke ciki, musamman iyaye mata da 'yan'uwa mata, ka tambaye su. Kuma ka sani, wanda ya iya kallo zai iya ɗaukar allon wayarsa, don haka saiti ba ya maye gurbin sanin wanda ka ba dama.

Kallo daga makaranta fa?

Za a tambaya: ina Kazaure ko Dutse ko Haɗejia, rumbu na Gumel, zan iya kallo? Za ka iya, amma a nan data ta dawo, kuma ta ɓangare biyu: gida na aikawa, kai kana karɓa. Ga kuma wata matsala: kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a kan adireshin intanet guda, don haka buɗe ƙofa a rauta yawanci ba ya aiki. Manhaja irin Tailscale na warware wannan, tana haɗa na'urorinka ta ɓoyayyar hanya kamar suna ɗaki ɗaya. Kada ka buɗe ƙofar 8096 ga duniya kai-tsaye. Ga ɗalibi dai, abin da ya fi sauƙi shi ne ya kwafi abin da yake buƙata kafin ya taho.

Ribar da ta wuce kallo

Rumbun nan ba na fim kaɗai ba ne. Ɗaki ɗaya a hostel ko 'yan aji ɗaya za su iya tara bidiyoyin darasi na lissafi, lantarki, akanta ko zanen gini, mutum ɗaya ya kawo, kowa ya amfana. A kan laftof ɗin kuma za a iya ƙara Kiwix, manhajar da ke ba da Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Makarantar sakandare ko Islamiyya a ƙauyen da sabis ke wahala za ta ji daɗin irin wannan.

Sannan ka duba abin da ka koya a hanya: adireshin IP, DHCP, ƙofofin netwok, katangar tsaro, izinin masu amfani, lissafin wuta, ajiyar kwafi. Waɗannan su ne abubuwan da ake karantawa a kwas ɗin netwok a ND, kuma su ne za a sa ka yi idan ka je SIWES. Wanda ya taɓa haɗa su da hannunsa ba ya haddar ma'ana ana gobe jarrabawa.

Ga aikin gwaji kafin fitowa ta gaba. Ku haɗu ku uku, ku sami laftof ɗaya da rauta ɗaya, ku cire layin da ke cikinta. Ku sa bidiyo biyar da kuka ɗauka da kanku, ku buɗe asusu biyu, ɗaya na ganin komai, ɗaya na ganin jaka guda. Sannan ku kunna bidiyo a waya uku lokaci guda, ku rubuta girman kowane fayil, tsawonsa, da megabit nawa yake ja bisa lissafin da muka yi. Wanda ya gamu da matsalar da ba mu ambata ba, ya rubuto ta ofishin ƙungiyar ɗalibai, za mu duba ta a wannan shafi. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa mu gama karatu lafiya.